Fitsarin Shaiɗan a Gonar Alick

Mijina Alick Gauld, ko mala'ika ne ya sauko ya nuna masa hanyar aljanna, sai ya tsaya ya tambaya ko hanyar ta bi ta ƙofar mashaya. Dattijo ne a majami'armu, shi ke ja mana Zabura ranar Lahadi da muryar da ke korar tsuntsaye daga kan rufi, kuma tun da na aure shi ban taɓa ganin ya kai wani abu baki da ya fi shayi ƙarfi ba. A kwarinmu wannan ba ƙaramar jarumtaka ba ce, domin duk inda kogi ya yi kwana akwai masana'antar wuski a zaune tana hayaƙi, kuma rabin masu cewa amin a bayan Alick a can suke cin abinci.

Ba haka kawai ya tashi da wannan hali ba. Yana da ƙane, Hector, wanda ya yi aiki a masana'antar bakin gada tun zamanin da ake jera ma'aikata a zuba wa kowa sabon wuski a kofi, da safe da rana da lokacin tashi, wai ladan aiki. Hector ya iya rawa, ya iya barkwanci, ya iya kwaikwayon muryar fasto har matar fasto ta amsa daga kicin. Bai kai arba'in ba idanunsa suka koma ruwan ɗorawa, cikinsa ya kumbura, muka kai shi makwanci. A bakin kabarin Alick ya ɗaga hannu a gaban jama'a, ya yi alkawari cewa muddin yana numfashi, ko ƙwaya ɗaya ta sha'irin gonarsa ba za ta ƙara shiga tukunyar wuski ba.

Tun daga nan Dod Shand, dillalin hatsi, shi kaɗai yake sayar wa, bisa sharaɗin abincin dabbobi za a yi da shi. Duk kaka idan motar Dod ta cika, Alick zai dafa ƙofarta ya ce, "Shanu dai ko, Dod?" Shi kuma ya cire hula ya ce, "Shanu, dattijo. Har lashe baki suke yi." Haka suka yi ta yi shekara wajen talatin.

Gonar tamu kuwa a kan tudu take, rairayi ne zalla. Sha'irinmu gajere ne, zomo in ya shiga sai ya durƙusa kafin ya ɓuya. Da muna da shanu muna ɗan samun taki, amma gwiwoyin Alick suka ƙi, muka sayar da su. Takin zamani kuma ruwan farko ke wanke shi ya yi ƙasa. Ga shi gonar ba tamu ba ce, haya muke yi tun kakan Alick, a hannun wani attajiri da ke zaune a Landan wanda ko hanyar tudun bai sani ba.

Wata rana da kaka wakilinsa, Mista Brodie, ya zo. Ya shiga gona da takalminsa mai sheƙi, ya damƙi ƙasa, ya buɗe hannu, ta zube ta tsakanin yatsunsa.

"Dattijo, ƙasar nan ta mutu," in ji shi. "Hayarku za ta ƙare bayan girbin baɗi. In na dawo na same ta haka, mai gida ya ce itatuwan katako za a dasa. Ku kuma sai a nema muku ɗaki a gari."

Alick ya ce, "Ubangiji ne ke ciyar da ƙasa."

"Haka ne. Amma maƙwabtanka da ruwan tukunya Yake ciyar da tasu. Kyauta ne fa, masu wuskin roƙo ma suke yi a karɓa."

Idan an dafa giya a tukunyar jan ƙarfe, wuskin ya tashi ya tafi, akwai wani ruwa mai kauri, launin ƙasa, da ke saura a gindi. Babu sauran maye a cikinsa, sai wari. Hukuma ta hana a zuba shi a kogi saboda kifi, shi ya sa motocin tanka ke yawo da shi gona-gona suna fesawa. Duk gonar da ta sha shi sai ta yi kore shar. Alick kuma ya daɗe da raɗa masa suna daga kan mumbari.

"Fitsarin Shaiɗan?" ya ce wa Brodie. "A gonar ubana? Sai dai bayan raina."

Brodie ya kakkaɓe hannunsa ya shiga mota.

Ni kuwa ranar ban dafa komai ba sai magana. A wannan gidan na haifi 'ya'yana, a bayansa na binne ɗaya. Tunanin in ƙare rayuwata a wani ɗaki a saman shagon nama, ina leƙen motoci ta taga, ya tsorata ni, kuma tsoro a wurina da faɗa yake fita.

Na ce, "Kai da Shaiɗan ɗinka! In fitsarinsa zai bar ni a gidana, ni ce zan riƙe masa fo."

"Ishbel, ki ji tsoron Allah."

"Ina jin tsoronSa. Ina kuma jin tsoron matakalar Misis Duthie mai ba da hayar ɗaki a saman shagon nama, wadda za mu riƙa hawa da waɗannan gwiwoyin naka. Wa zai goya ka? Ni?"

Ya buɗe Littafi ya sa a gaban fuskarsa, abin da yake yi ke nan duk sanda ya rasa amsa. Ni kuma na ɗauki waya a gaban idonsa na kira masana'antar bakin gada. Yarinyar da ta ɗauka har rawar murya take don murna, tanka nawa nake so, yaushe, ta wace ƙofa. Ina faɗin sunan gonar sai murnar ta ɗauke. Can ta ce, "Gonar Gauld? Ta kan tudu? Am, za a neme ki."

Na ajiye waya raina a ɓace. Mutanen da ke roƙon a karɓi ƙazantarsu, mu ne za su ja wa aji?

Washegari da hantsi sai ga mota a ƙofar gida. Manajar masana'antar ce da kanta, Rhona Petrie, doguwar mace mai gajeren gashi, riƙe da gwangwanin biskit da wata jakar takarda. Alick ya bar ta ta shigo, don ba a korar baƙo, amma gwangwanin ya ce a ajiye a waje.

Ta sha shayi, ta yabi labulena, ta yabi karen da ba ya ko jin magana. Da ta ga yabo ya ƙare sai ta ajiye kofi.

"Mista Gauld, na zo ne in roƙe ka. Kada ka bari a zuba wa gonarka ruwan tukunya. Ko namu, ko na wani."

Alick ya dube ni da irin kallon nan na wanda annabcinsa ya tabbata. "Kin ji ko? Su kansu sun san abin da ke ciki."

"A'a, lafiyarsa ƙalau," in ji ta. "Ai matsalar ke nan, yana ƙosar da ƙasa. Sha'irin da ya ƙoshi kuwa ba ya ba da wuski, ƙiba kawai yake yi, sai dai dabba. Wanda ya sha yunwa, shi ke cika da gari fari tas. To duk faɗin kwarin nan babu gonar da ta kai taka yunwa. Ba mu da sha'irin da ya kai naka."

Na ce, "Kamar yaya ba ku da wanda ya kai namu? Ina kuka taɓa ganinsa?"

Ta dube ni, ta dubi Alick, fuskarta ta fara ja. "Wai da gaske ba ku sani ba? Ni na ɗauka kunya ce kawai ta dattijo. Ai Dod Shand daga nan kai tsaye wurinmu yake sauke kaya. Tun kafin in kama aiki. Daban ake jiƙa shi, daban ake dafa shi, gangunansa daban."

Ta buɗe jakar ta fito da kwalba ta ɗora a kan teburina, teburin da ko ruwan inabin miya bai taɓa hawa ba. A jikin takardar an zana tudu da wani ɗan gida mai bututun hayaƙi a karkace. Na matso da ido.

"Wannan ai igiyar shanyata ce!"

"Ƙasashen waje ake kai yawancinsa," in ji ta a hankali. "A sito ma'aikata suna ce masa Hawayen Dattijo."

Ashe duk kwarin an sani. Masu cewa amin sun sani, mai shago ya sani, ina jin har karen ya sani. Mutumin da ke kau da kai ya tsallaka titi in zai wuce gaban kwalba, ta ina zai ga gidansa a jikinta? Na buɗe baki zan yi dariya, Allah Ya gani ta zo mini har wuya, sai na dubi Alick. Fuskarsa ta yi fari fat, yana kallon hoton Hector da ke kan kabad. Dariyar ta koma inda ta fito.

Rhona Petrie ta ce, "Na ji maganar haya. Mai ƙasarku yana cikin masu hannun jari a wurinmu. Kalma ɗaya zan yi, a bar ku a nan har ƙarshen rayuwarku. Ba sai kun gyara komai ba. Ku bar gonar yadda take kawai."

Wallahi zuciyata ta yi tsalle. Ga gidana an miƙo mini a faranti, babu wari, babu wahala. Na taka ƙafar Alick ta ƙarƙashin tebur har sai da ya ji a gwiwa.

Shi kuwa ya ce, "Maimaita mini. Wanda ya sha ruwan nan, ba kwa iya wuski da shi?"

"Ko kyauta ba za mu karɓa ba."

"Ko kaɗan?"

"Ko ƙwaya."

Ya miƙe. "Na gode da ziyara. Ɗauki kwalbarki. Biskit ɗinki na waje."

Tana fita na tare shi a ƙofa. Na ce, "Alick, ka haukace? Matar nan gida ta ba mu! In ka ɓata da su, ka ɓata da mai ƙasa. In kuma ruwan bai yi aiki ba fa?"

Ya shiga ɗaki ya sako baƙar kwat ɗinsa ta Lahadi, ranar Laraba, ya ɗauki sanda. Na bi shi, don na san in ban bi ba ba zan ji labarin daidai ba.

Mun fara tsayawa a rumbun Dod Shand. Dod na ganin kwat ɗin ya cire hula.

"Shanu dai ko, Dod?" in ji Alick.

Dod ya murza hular a hannunsa. "To, dattijo, in ka bi ta natsuwa, ai ban yi ƙarya ba. Bayan sun tace, dusar shanu ake ba. Kuma wallahi suna lashe baki."

"Allah Ya isa tsakanina da kai," in ji Alick, "kuma kada ka ƙara zama a layin gaba ranar Lahadi, ba na son ganin ƙeyarka."

Daga nan muka haye gada, muka wuce masana'antar Rhona Petrie ba tare da ya kalle ta ba, muka hau zuwa ta ƙetaren kogi, abokan gabarsu tun kaka da kakanni. Ma'aikata suka bar aiki suka fito kallo. Dattijo Gauld a farfajiyar gidan wuski! Wani har ya cire taba daga baki ya ɓoye a baya. Manajansu, wani ɗan duƙurƙusa mai sanƙo, ya fito yana gyara wuyan riga, ya zaci wa'azi aka zo yi masa.

"Ina son fitsarin nan naku," in ji Alick.

"Na'am?"

"Ruwan tukunya. Duk abin da kuke da shi."

Mutumin ya dubi tudunmu daga nesa, ya dubi bututun maƙwabtansa, sai murmushi ya fara cin fuskarsa har kunne. Ya ce, "Dattijo, ko cikin dare ka ce, za mu kawo."

Kafin shuka tankoki suka fara hawowa. Wayyo wari! Kamar an dafa tsohuwar safa da burodin da ya ruɓe. Ya shiga labule, ya shiga man shanu, ya shiga gashina. Ranar Lahadi layinmu a majami'a mu kaɗai ne, Misis Duthie ta koma can baya da hankici a hanci. Direban tanka ya ce wa Alick an isa haka, ƙasa ba ta son zari. Alick ya tsaya a bakin gona da kwat ɗinsa, ruwan na fallatsa masa har ƙirji, yana nuni da sanda.

"Ƙara can. Wancan lungun bai sha ba. Ba na son ƙwaya ɗaya ta kwana da yunwa."

Rhona Petrie ta aiko, ta sake aikowa, daga baya ta zo da kanta ta tsaya a bakin shinge kamar mai zaman makoki. Brodie kuma ya yi waya ya ce mai gida ya ji labari, ransa bai yi daɗi ba, in gonar ba ta tashi ba kada mu ce ba a faɗa mana ba. Daga ranar barci ya ƙaurace mini. Na fara duba kayan ɗakina ina zaɓen wanda zai iya hawa matakalar Misis Duthie.

Sai sha'iri ya fito. Ban taɓa ganin irinsa a tudun nan ba, kore har yana baƙi, ganye fatan-fatan, ya kai wa Alick ƙugu. Ana saura kaɗan girbi aka yi ruwa da iska, rabin gonar ya kwanta, don ya yi nauyin da karansa ba zai ɗauka ba. Mai injin girbi ya yini yana zagi, Alick na binsa yana ce masa ya kiyayi harshensa.

Da hatsi ya shiga rumbu, Alick ya cika ƙaramin buhu ya kai wa Rhona Petrie da hannunsa, ya ce a auna. Ya zauna a ofishinta, hula a gwiwa, har aka dawo da sakamako. Ta karanta, ta ture takardar.

"Aladu," ta ce. "Wannan sai aladu."

Alick ya ce tun ranar aurenmu bai ji kalma mai daɗin wannan ba, kuma a gabana ya faɗa.

Brodie ya zo bayan girbi. Ya damƙi ƙasa, ya buɗe hannu, ta tsaya a dunƙule, baƙa, har da tsutsa a ciki. Ya shinshina ya yamutsa fuska. Ya ce mai gida dai yana fushi, amma yarjejeniya ta ce a bar ƙasa da rai, ga ta kuma da rai, ba shi da hujjar tashinmu. Ya goge hannu a wandonsa ya tafi. Na shiga kicin na rufe ƙofa na yi kuka mai isata, sannan na mayar da farantaina cikin kabad.

Na ɗauka magana ta ƙare. Sai ƙarshen wata Misis Duthie ta tare ni a shago, bakinta har yana rawa don ɗokin ba da labari.

"Ishbel, ba gulma ba, amma an ga dattijo ya fito daga shagon masana'antar bakin gada da jaka a hammata. Kwalba mai tsadar nan ce a ciki fa. To, dama an ce wanda ya daɗe bai ci ba..."

Na ce, "Ki ji da mijinki, wanda ko jaka ba ya jira."

Amma abin ya tsaya mini a rai. Watan da ya biyo baya aka sake ganinsa. Fasto ya zo ya zauna ya yi ta kewaye-kewaye a kan rauni irin na ɗan Adam, Alick kuwa sai ƙara masa shayi yake yi. Aka fara cewa ya kamata wani ya karɓi jan Zabura. Mutumin da ke juya ambulan ɗin wasiƙa ya sake amfani da shi saboda maƙo, me zai kai shi sayen kwalbar da ta fi buhun hatsi tsada?

Ran nan da la'asar na hango shi ta taga ya nufi gona, na yafa mayafi na bi bayansa. Ya tsaya a can ƙarshen tudu, inda ake hango baƙaƙen sito na masana'antar a jere a bakin kogi. Wuski ba ya fita sai ya shekara da shekaru a ganga. Noman Alick na rabin rayuwarsa yana kwance a can yana jiran masu sha, wani ma sai mun daɗe a ƙasa za a buɗe shi.

Ya zaro kwalbar, ya yi ta fama da murfin don bai san yadda ake buɗewa ba. Da ta buɗu sai ya miƙa hannu nesa da jikinsa, ya kau da hanci, ya tuntsurar da ita a kan kututturan sha'iri har ta ƙare.

Na ce, "Alick."

Ya juyo a firgice, kamar na kama shi da wata.

"Ka ga yawan sito ɗin nan kuwa? Ko ni ka sayar ka haɗa da karen, ba za ka saye lungu ɗaya ba. Ga shi ka zama babban mai cinikinsu, gari kuma na cewa dattijo ya fara sha. Za su karɓe maka Zabura."

"Su karɓa."

"To amfanin me? Kwalba ɗaya a wata?"

Ya dubi gidanmu a jikin takardar, da bututun da ya karkace, da igiyar shanyata. Ya shafa da babban yatsa.

"Na sani, Ishbel," ya ce. "Amma wannan dai ba za ta shiga cikin ƙanin wani ba."

Tausayinsa ya kama ni, da wani irin so da na ɗauka ya tsufa tare da mu. Na karɓi kwalbar daga hannunsa, na ba shi kafaɗata saboda gwiwa, muka gangaro gida a hankali cikin warin gonarmu.